Ikon Wasiyyi da Iyakarsa

Wanda mamaci ya naɗa wasiyyi kafin ya cika yana da iko na gaske a kan dukiyar da aka bari, kuma magada ba su isa su ture shi ba.

Ranar Yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, Zubairu ɗan Awwamu, Allah Ya yarda da shi, ya kira ɗansa Abdullahi ya danƙa masa biyan bashinsa. Zubairu bai bar zinariya ko azurfa ba, sai filaye da gidaje, ga bashi har miliyan 2 da dubu 200, domin in an kawo masa ajiya yakan mai da ita rance, gudun kada ta salwanta. Abdullahi ya sayar da filin Gaba, kusa da Madina, ya biya kowa. Da 'yan'uwansa suka nemi a raba, ya rantse ba zai raba ba sai ya shekara 4 yana shela a taron Hajji, ko da sauran mai bin mahaifinsu. Haka aka yi, Bukhari ne ya ruwaito.

To ku magada, ku daina matsa wa wasiyyi tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Sai an fitar da kuɗin likkafani da binnewa, an biya bashi, an zartar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan gado ya zama naku.

Kai kuma wasiyyi, ka ji tsoron Allah. Abdullahi ya jinkirta ne domin masu bin bashi. Kai da ka riƙe makullin shago shekara da shekaru, kana karɓar kuɗin haya, matar mamaci ba ta da na cefane, domin wa ka jinkirta? "Ni ne babba a gidan" ba hujja ba ce a wurin alƙali, balle a gaban Ubangiji. Ba ka da ikon yin kyauta da gonar maraya, ko ka saya wa kanka a farashin banza. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta yi wa macin dukiyar maraya alkawarin wuta. In ka ci amana, alƙali na da ikon tsige ka.

Tun daga ranar farko ka rubuta komai, har bashin da mamaci ke bin mutane. Ran da maraya ya balaga, hankalinsa ya nuna, ka kira shaidu ka miƙa masa kayansa a gabansu.