Shin Sai Da Gumi Ake Sayen Hutu?

Duk ranar Asabar, bayan asuba, maigidana kan fita sassarfa da abokansa wajen Filin Sukuwa a nan Kano. Likita ne ya sa shi saboda hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ƙarfe takwas zai dawo sharkaf da gumi, ya watsa ruwa, ya miƙe ƙafa a inuwar darbejiya, in kawo masa gahawa, ya buɗe jarida. Yara har saɗaɗawa suke, wai Baba ya gaji.

Wallahi ba na baƙin ciki da wannan zama nasa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ni da na tashi kafin shi, na share tsakar gida, na wanke kayan makarantar yara, na dama koko, da zarar na zauna sai in ji kamar na yi sata. Ba wanda ya ce min uffan fa, zuciyata ce ke tsunkulina. Ashe mun raba gajiya gida biyu: wadda aka fita aka nemo da takalmin gudu, ita ta cancanci kujera, wadda ta same ki a bakin murhu kuwa, ai aikinki ne.

To wa ya yanke wannan hukunci? Ki tuna lokacin da Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i. Abin da ya fara lura da shi ba azumin mai gidan ba ne, halin da ya ga Ummud Darda'i a ciki ne, ta bar kula da kanta. Daga nan ya tunatar da ɗan uwansa cewa jiki da iyali suna da haƙƙi, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata shi. Haƙƙi kuwa ba lada ba ne da za a ce sai an nuna gumi kafin a biya.

Na san wata za ta ce ƙofar lalaci nake buɗewa. Da gaskiyarta, akwai mai wuni kan tabarma tukunya na jiranta. Amma yawancin matan da na sani ba nan matsalarsu take ba. Sai ciwo ya kayar da su suke kwanciya.

Ita ma gahawar abin dariya ce: Sufayen Yaman na ƙarni na 15 don kada su yi barci suke shan ta, mu kuma mun mai da ita abokiyar hutu.

Asabar ɗin da ta wuce kofi biyu na kawo. Ya dube ni ta saman tabarau, ya zare shafukan tsakiya ya miƙo min. Shinkafa ba ta hau wuta ba sai sha ɗaya da rabi.