Yaro a Kan Tankin Babur: Tawakkali Ne Ko Ganganci?



Babur a wurinmu nan Duvu ba kayan ƙawa ba ne. Da shi muke zuwa gona, da shi muke shiga Mubi ranar kasuwa, da shi ake kai mara lafiya asibiti cikin dare. Mun san darajarsa sosai bayan fitinar 2014, lokacin da hukuma ta hana hawansa a yankin nan, kowa ya ji a jikinsa. Don haka ba wanda zai ce a jingine shi. Abin tambaya shi ne: magidancin da ya ɗora yaro a kan tanki, biyu a tsakiya, uwarsu a baya da goyo, ya ce Allah ne mai tsarewa, shin tawakkali ya yi?

Wani zai kawo hujja cewa Manzon Allah (SAW) ya ɗauki yara a kan abin hawansa. Gaskiya ne, ya goya Abdullahi ɗan Abbas a bayansa, kuma ya taɓa shiga Madina da Abdullahi ɗan Ja'afar da ɗaya daga cikin jikokinsa, ɗaya gaba ɗaya baya. Ɗaukar yaro halal ne, ba gardama. Amma dabba tana da ido, tana kauce wa rami, tafiyarta kuma ba ta kai rabin gudun da matasanmu ke yi ba. Babur kuwa ƙarfe ne, abin da hannunka ya ce shi yake yi.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mai hawanta da mai janta da mai korarta. To in an kama mutum da ɓarnar jakinsa, wanda yake da nasa rai da nasa taurin kai, ina ga ɓarnar mashin? Alƙur'ani kuma, a Suratun Nisa'i, ya ajiye diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Da kalmar ƙaddara tana wanke kowa, da ba a wajabta wa mai kuskure azumin wata biyu a jere ba. Ƙaddara gaskiya ce, da ita muke rarrashin wanda aka yi wa rasuwa. Sai dai ba a kafa hujja da ita tun abu bai faru ba. Sayyidina Umar ma da ya ji labarin annoba a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa.

Duba yadda abin ke faruwa. Yaron da ke kan tanki shi ne gaba da kowa. Da an taka birki da ƙarfi, fuskarsa ce za ta fara haɗuwa da ƙarfe. Wanda ƙafarsa ba ta kai wurin takawa ba, lilo take yi tsakanin salansa mai zafi da wayoyin taya. Ku ƙirga yaran unguwar nan masu tabon ƙuna a ƙwauri. Bayan an tashi daga Islamiyya da yamma, iska na kaɗa yaro sai gyangyaɗi, hannunsa ya saki rigar uba. Ga hijabi ko bakin zani da ke shiga sarƙa, ya fizgo uwa da goyonta baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Hular kwano kuwa, abin dariya muka mai da ita. A 2009 da jami'an kiyaye haɗurra suka fara tilasta sanya ta, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a kai. An yi dariya, an wuce. Yau ko uba ya saka, da wuya ka ga ta yaro, kuma ta babba ba ta zama a kan ƙaramin kai.

Mun san inda gizo ke saƙa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, sawu biyu ya zama nauyi ga mai yara biyar da babur ɗaya. Wannan uzuri ne na gaske, kuma wanda ke da mota ba shi da bakin yi wa talaka gori. Amma lalura tana da iyaka. Mai kai yaro asibiti cikin dare yana cikinta. Mai ɗebe yara zuwa gidan biki ko yawon sallah, ba mu ga lalurarsa ba. Yaron kuma ba a shawarce shi ba. Babban da ya hau bayan mai ganganci shi ya zaɓa, ɗan shekara uku ɗaga shi aka yi aka ɗora.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Ƙaramin yaro ya zauna tsakanin manya biyu, a riƙe shi. Iyayenmu mata su tattare hijabi su danne kafin a tashi. Kada a ba ɗan shekara goma sha biyu makulli ya kai ƙannensa makaranta. Gidaje uku ko huɗu da yaransu ke makaranta ɗaya su haɗa kuɗin keke napep a wata, ko babban wa ya rako na kusa da ƙafa. Za mu gabatar da batun haɗa kuɗin ga kwamitin masallaci bayan sallar Juma'a, masu yara a Islamiyya su tsaya a ɗauki sunayensu.