Gaskiyar da ta tsaya ga tsatsa

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wani aikin hannu da magidanta, har masu furfura, ke raba dare a kansa: harhaɗa ƴan ƙananan tankokin yaƙi na roba. Ana sayo su cikin kwali gutsi-gutsi, a yanke, a goge, a manne da gam. Awon da ya fi yaɗuwa shi ne 1/35, wato kowane sashe na tankar gaske an rage shi sau 35. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa shi, tun daga 1961 da ya fito da tankar Jamus mai suna Panther, kuma ba wani zurfin lissafi ya sa aka zaɓe shi ba: girman da batura biyu za su shiga cikin tankar aka nema. A wannan awo, Tiger mai nauyin kusan tan 57 ba ta wuce santimita 24 ba, har da bakin igwarta.

Haɗawa ita ce ƙaramin aiki. Babban aikin shi ne tsufarwa. Bayan an yi fenti tankar ta fito fes, sai mai ita ya shiga ɓata ta da gangan. Yakan tsarma fentin mai ya zuba a lungunan sulke domin datti ya kwanta. Yakan barbaɗa gishiri a kan launin tsatsa, ya fesa wani fenti bisa, ya kankare gishirin, sai ga wuraren da fenti ya ɓantale. Da bakin fensir yake goga gefen sarƙa har ta yi ƙyallin ƙarfen da ya sha tafiya, da garin launi kuma yake yin ƙura da taɓo. François Verlinden ɗan Beljiyam ya yaɗa wasu daga cikin dabarun nan tun shekarun 1970, Miguel Jiménez ɗan Sifen ya ƙara musu ƙarfi a shekarun 2000. In an tambayi ma'abota aikin dalilin wannan wahala, amsa ɗaya ce: gaskiya suke nema, domin tanka mai sheƙi ta faretin soja ce, ba ta fagen fama ba.

To, wace gaskiya? Tun a cikinsu akwai masu cewa tsatsar ta yi yawa, kuma suna da hujja. Tankokin yaƙin duniya na 2 da yawa ba su daɗe har tsatsa ta ci su ba. Tarayyar Sobiyet kaɗai ta yi asarar T-34 sama da 40,000, kowace da mutum huɗu ko biyar a ciki. Abin da ke gamawa da tanka ba damina ba ce, wuta ce. Mai tsufarwa yakan kwaikwayi ƙunar fenti da baƙin hayaƙi a bakin ƙyaure da gwaninta mai ban mamaki, amma saurayin da ya yi ƙoƙarin fita ta ƙyauren nan bai samu ba, babu shi a kan teburin.

Akwai kuma batun zaɓi, wanda ya fi nauyi. Jamus ba ta ƙera Tiger ta farko fiye da 1,350 ba, alhali Amurka ta ƙera Sherman kusan 49,000. Duk da haka kwalayen Tiger sun cika kantuna, kuma daga cikin waɗanda aka fi kwaikwaya akwai mai lamba 007, wadda Michael Wittmann ya mutu a cikinta ranar 8 ga Agusta 1944 a Normandi. Wittmann hafsan SS ne, ƙungiyar da kotun Nuremberg ta yanke a 1946 cewa ta masu laifi ce. Masana'antar Henschel ta birnin Kassel, inda aka ƙera Tiger, ta yi aiki da dubban mutanen da aka tilasta. Mutum zai iya sanin cewa a Fabrairu 1943 ne Jamusawa suka bar fentin toka suka koma ga rawaya mai duhu, ya yi gardama har tsakar dare kan wace rawaya ce, bai taɓa tambayar hannun wa ya ɗaure ƙusoshin ba.

Ba a ce aikin laifi ba ne. Yaron da ya ƙera motar soja da karan dawa ko gwangwani a Maraɗi ba ɗan yaƙi ba ne, hannunsa ne ke son sanin yadda abu yake. Haka dattijon Turai da ƴar tankarsa: yana koyon haƙuri, yana karanta tarihi, wani ma ta nan ya gano inda kakansa ya faɗi. Kuma ba a nemi ya shafa jan fenti a matsayin jini ba. Da ya yi, jinin ma da ya koma ado kamar tsatsar. Abin da ake bin sa bashi ƙarami ne: kada ya kira rabin labari gaskiya, kuma sa'ad da ya jiƙa ƴar takardar tambarin runduna zai manna, ya san abin da masu tambarin suka aikata. Rangwamen da ake yi wa yaro don bai sani ba, ba ya kai wa ga wanda ya karanta littattafai goma kan launin sulke.

Tsufar gaske kuwa ba ta da nisa da nan. A arewacin Cadi, a Fada da Wadi Dum, inda sojojin Cadi cikin motocin Toyota suka karya rundunar Libiya a 1987, an bar tankoki T-55 cikin rairayi. Masu ƙananan tankoki na neman hotunansu domin su ga yadda rana ke cin fenti, yadda iska ke tara yashi a gindin sarƙa. Makiyayan yankin kuwa sun yi shekaru suna kewaye wuraren da raƙumansu, saboda nakiyoyin da aka binne a ƙasa.