Jerin Ayyuka: Alkawari ne ko Buri?

Manomin fadamar Kwalkwalawa, a bakin gulbin Rima, bai damu da rubuta ayyukansa ba. Janyewar ruwa ke gaya masa lokacin dashen albasa, in ya yi jinkiri kuwa sai baɗi. Mu marubuta ba mu da gulbin da zai tsawata mana. Shi ya sa muke jera ayyukanmu a kwamfuta, kowane aiki da layinsa, mafi nauyi a sama. Sai dai na'ura ba ta tambaya. Layin da muka cika da wanda muka guje wa, gogewarsu ɗaya, kuma mu kaɗai ne shaida. Alkawari kaya ne, ko da kanmu muka yi wa. Kada mu goge sai mun sauke.