Wanda Ya Jefa Anka A Gaɓarmu: Baƙo Ne Ko Maƙwabci?

A ƙasashen bakin teku akwai iyalan da ba su da wani gida sai jirgin ruwa mai filafilai. A cikinsa suke girki, a cikinsa suke kwana da 'ya'yansu. Sukan nemi lungun teku inda iska ba ta da ƙarfi, kasuwa da asibiti kuma suna kusa, su jefa anka, wato ƙarfen nan mai nauyi da ke tsai da jirgi wuri ɗaya. Mutanen gari sukan yi gardama a kansu: namu ne, ko masu wucewa?

Mu a Rano da Kibiya ba mu da teku, amma tambayar ta iske mu har gida. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, masunta suke zuwa bakin ruwan da iyalansu. Kwalekwale ne gonarsu, taru ne garmarsu. Bukkarsu tana bin ruwa: in ya cika su ja baya, in ya janye su bi shi. Muna cin karfasa da tarwaɗa daga hannunsu, amma mu nawa ne muka san sunan ɗansu ko ɗaya?

Manomi zai ce, baƙo raɓa ne. Ba shi da gona a nan, ba shi da kushewar kakanni. Ran da kifi ya yi ƙaranci zai naɗe tarunsa ya tafi. Akwai gaskiya cikin wannan magana, gama gari ba ya ginuwa sai da masu zama, waɗanda ke fita gayya, su gyara hanya, su haƙa kabari. Wanda ya zaɓi wuri don daɗinsa kaɗai, ya kwashe albarkarsa da taru mai ƙananan ido ko da guba, ya bar wa na baya ruwa wofi, ya ci amana. Duk inda mutum ya tsai da jirginsa, wurin yana binsa bashi.

Amma mu tuna, ƙarƙashin ruwan nan akwai gonaki da gidajen da aka tashi mutanensu sa'ad da madatsar ta cika. Su ma sun ɗauka zamansu na har abada ne. Ashe mai gona da mai kwalekwale duka masu wucewa ne. Tsawon zango kawai ya bambanta su. Cikin misalin Ubangijinmu a Luka sura 10, wanda ya zama maƙwabcin mutumin da 'yan fashi suka raunata matafiyi ne, Basamariye. Ba a auna maƙwabtaka da yawan shekaru. Kusanci da bukata su ne ma'auninta.

Ikklisiya ba ta manta cewa Bitrus da Andarawus masunta ne ba, kuma daga jirgin Bitrus Yesu ya koyar da taro. A 1920 aka kafa aikin bishara na masu zaman teku a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan. A 1997 Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya fitar da wasiƙar da ta tsara wannan aiki, ta haɗa da masunta da iyalansu. Gwamnatin Nijeriya ma ta kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989, daga baya aka sa 'ya'yan masunta masu ƙaura cikin aikinta. To, mu da muke ganin hayaƙin bandarsu da idonmu fa?

Abin da ake nema a gare mu ba shi da wuya. Ɗan masunci ya sami wuri a aji, ko da wata huɗu zai yi. Matarsa in naƙuda ta zo da dare, a sami mai kai ta asibiti. In mutuwa ta same su, kada a tsaya tambayar asali kafin a ba su wurin binnewa, Kirista ne ko Musulmi. Malaman katekis kuma su riƙa leƙa gaɓa, gama zumunta a ƙafa take.

Kiristocin farko a Roma sun zana anka a kan kaburburansu, domin Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta kwatanta begenmu da ita. Da mai rumbu da mai taru, ankarmu ɗaya ce. Ubangiji ya ba mu zuciyar karɓar wanda ya sauka a gaɓarmu, ya kuma karɓe mu a tasa. Amin.