Mai Binciken Halittu Shaida Ne: Wace Amana Ke Wuyansa?



Ya ku ƴan'uwa, a gidaje da dama na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai akwai saurayi ko budurwa da suka ƙare jami'a, amma suka ce da sauran karatu, za su nemi doktora a ilimin halittu masu rai. Idan mahaifi ya tambaya me ake nazari, sai a ce masa tsutsar hatsi, ko sauro, ko saiwar ƙuduji. Sai ya yi shiru, domin tsaran ɗansa sun yi aure sun kama sana'a, shi kuwa yana gona yana ƙirga tsutsa. Tambayarmu ita ce: mene ne ainihin aikin wannan yaro, kuma wane hakki ne ya rataya a wuyansa da namu?

Amsarmu ita ce shi shaida ne. Manomi ba ya da lokacin da zai zauna ya lura da ƙwaro shekara uku. Likita ma haka. Mai mulki ma haka. Saboda haka jama'a ta wakilta mutum guda ya je ya gani, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. A kan maganarsa za a sayi magani ko a bari, a shuka iri ko a canza shi. Kowa kuwa ya san matsayin shaidar zur cikin manyan zunubai. Ba mu ga dalilin da zai sa ƙaryar da aka yi gaban alƙali ta fi ƙaryar da aka rubuta cikin kundin bincike muni ba, alhali ta farko mutum guda take cuta, ta biyu kuwa tana iya cutar ƙasa.

Bari mu ɗauki misali daga gonakinmu. Murzuna, wato tsutsar da ke sassaƙa zangarniyar hatsi tana zagaya ta kamar an naɗa zare, ta zama babbar annoba a Sahel bayan farin farkon shekarun 1970. Masu bincike sun gano cewa tana kwana cikin ƙasa duk tsawon rani, uwarta ta fito bayan ruwa ya sauka ta yi ƙwai a kan zangarniya, kuma zuriya guda take yi a shekara. Sun kuma gano wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro, wanda ke harbin tsutsar ya sandarar da ita, ya yi ƙwai a jikinta, ƴaƴansa su cinye ta. Tun wajen 2006 ma'aikatan INRAN na Maraɗi da abokan aikinsu suka shiga kiwon wannan ƙwaro cikin ƴan buhunan algarara, ana kai su ƙauyuka ana ajewa kusa da gonaki.

To, a dubi halin ɗalibin da aka ba shi aikin auna amfanin wannan dabara. Tun da murzuna sau ɗaya take fitowa a shekara, damana uku ke nan kawai gare shi. Idan ruwa ya yi gardama a ɗaya, ko tsutsar ba ta fito da yawa ba, lissafinsa ya raunana. Kuɗin tallafi sun kusa ƙarewa, malaminsa yana jira, iyaye suna jira. Ga shi shi kaɗai cikin ɗaki da takarda da alƙalami, kuma babu mahalukin da zai san in ya mai da bakwai ta zama sha bakwai. A nan ne jarrabawarsa take, ba ranar da zai tsaya gaban malamai ba.

Tarihi ya nuna mana ƙarshen hanyoyin biyu. A Tarayyar Sobiyet wani mutum mai suna Lisenko ya ƙaryata ilimin gadon halitta, ya yi wa mahukunta alkawarin amfanin gona mai yawa cikin gaggawa, suka ɗaukaka shi domin ya faɗi abin da suke son ji. A 1948 aka hana koyar da wancan ilimi a ƙasar. Babilof kuwa, masanin da ya zagaya duniya har Habasha yana tara irin shuka, ya ƙi bin ƙarya, aka kama shi a 1940, ya mutu a kurkuku a 1943. Noman ƙasar ya daɗe yana biyan bashin wannan zalunci. Haka a Koriya ta Kudu, wani masanin yadda ɗan tayi ke girma mai suna Hwang ya wallafa sakamako a 2004 da 2005 wanda ya sa marasa lafiya da yawa suka sa rai da waraka. A farkon 2006 kwamitin jami'arsa ya tabbatar da cewa ƙirƙira ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Hanya ta biyu tana nan kusa da mu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban bincike a ƙauyukan Garki, a jihar Jigawa ta yanzu. An yi feshin maganin sauro a ɗakuna, an raba magani ga jama'a, ana fatan a katse masassarar cizon sauro. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta katse ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Masu aikin suka rubuta haka ba tare da kwana-kwana ba. Wannan shaida mai ɗaci ta koya wa duniya cewa feshi kaɗai ba ya isa a irin ƙasarmu, kuma har yau ana amfana da alƙalumansu. Ashe cewa "mun gwada, bai yi ba" shi ma ilimi ne, in dai gaskiya ne.

Sai dai, ya ku ƴan'uwa, shaida ba ya tsayawa shi kaɗai. Mu ma da namu hakki, kuma kashi biyu ne. Na farko, kada mu tilasta masa ɓoye abin da ya gani domin ba mu son sunan da ake kiransa da shi. Ga misali: idan aka daɗe ana amfani da magani guda, yawancin sauro suna mutuwa, amma ƴan kaɗan da jikinsu ya jure suna rayuwa su hayayyafa, ƴaƴansu su gaji juriyar, har a wayi gari maganin ba ya ci. Haka ta faru da DDT, haka kuma take faruwa da maganin da ake sa wa sange a Afirka ta Yamma, shi ya sa aka fito da sange mai magani biyu. Wannan sauyawar halitta ce daga zuriya zuwa zuriya, ana ganinta ana ƙirga ta. Manomin da ke ware zangarniya mafi kyau domin iri ya san asalin maganar tun kaka da kakanni. Idan muka tsorata ɗalibi har ya yi shiru a kan wannan, jariran da ke kwana cikin sange ne za su biya.

Na biyu, kada mu matsa masa da gori. Mai cewa "har yanzu ba ka gama ba?" kullum, yana tura shi ne zuwa ga gajeriyar hanya ba tare da ya sani ba. Hatsi ba ya nuna domin mai gona ya ƙagu.

Kai kuma ɗalibi, ka rubuta abin da idonka ya gani ranar da ya gani, ka rarrabe tsakanin abin da ka tabbatar da abin da kake zato, ka ambaci wanda ya riga ka, kuma idan ka gama ka koma ƙauyen da aka ba ka aron gona ka faɗa musu sakamako da harshen da suke ji. Takardar doktora malamai biyar ko shida ke sa mata hannu, amma akwai ranar da za a tambaye ka kowane adadi da ke cikinta.

Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya ba su ƙarfin faɗin gaskiya, mu kuma ya ba mu haƙurin sauraronta. Amin.