Sa'anda Ƙarfi Ya Ƙare Da Rana Tsaka

'Yan'uwa masu bi, da yawa a cikinmu suna tune da shekara ta 1996, sa'anda samarin Nijeriya suka ci zinariya a wasan ƙwallo na Olimfik a Atlanta ta Amurka. Suka ka da Brazil da ci 4 da 3, suka ka da Ajantina da ci 3 da 2. Garba Lawal da Tijjani Babangida, 'ya'yan Arewa, suna ciki. Mai tsaron gida kuwa Dosu Joseph ne. Wata ƙungiya ta Italiya, Reggiana, ta ɗauke shi. Amma a 1997 ya yi haɗarin mota a Ikko, ya ji ciwo a ƙashin baya. Allah ya tashe shi, ya sāke tafiya da ƙafafunsa, amma bai ƙara tsaron gida ba. Shekarunsa 23 ne kaɗai.

A Kanada da Amurka akwai wani wasa da a ke yi bisa ƙanƙara da sanduna, shi ma da mai tsaron gida. Bernie Parent ya ci wa Philadelphia babban kofi a 1974 da 1975. Yana sa abin rufe fuska mai ƙofofin ido biyu, sai a 1979 sanda ta shiga ta ƙofa ɗaya ta same shi a idon dama. Aikinsa ya ƙare ran nan.

Ba sai mun haye teku ba. Mu a nan Baure mun san yadda a ke yi bayan kaka: a buga kalangu, a yi wa ɗan dambe kirari, a yi masa ruwan kuɗi. In hannu ya karye, makaɗi ya juya wajen wani, gama shi ma abincinsa ya ke nema. Ba mu ga laifin makaɗi ba. Abin kunya shi ne Ekklesiya ta yi halin nan. Sau da dama mu kan sa saurayi gaba muddin yana noma gonar Ekklesiya, yana ɗaukan tubali, yana jan waƙa. Ran da ya kwanta mu kan gaishe shi mako ɗaya ko biyu, daga nan sai shiru, har shi da kansa ya soma tsammani Ubangiji ma ya gama da shi.

Ku buɗe Farawa sura 32. Dukan kwanakinsa Yakubu mutum ne mai dabara da sauri. Ya guje wa Isuwa wansa, ya guje wa Laban surukinsa. Ga shi yanzu a mashigin Yabbok, an ce masa Isuwa yana zuwa da mutum 400. A daren nan wani ya yi kokawa da shi har gari ya kusa wayewa, ya taɓa shi a kwatangwalo, ƙashi ya goce. Kowane ɗan kokawa ya sani in ƙugu ya tafi an gama. Yakubu ba shi da sauran ƙarfin ka da kowa, sai riƙo kaɗai, ya kuwa riƙe. A nan ne aka ba shi sabon suna, Isra'ila, aka sa masa albarka. Ku lura, ba a warkar da ƙafar ba. Muna faɗin wannan domin waɗanda su ke gaya wa majiyyata cewa da suna da bangaskiya da tuni sun tashi. Maganar nan nauyi ce a kan mai nauyi, ba ta kuwa cikin labarin Yakubu.

Rana ta fito masa yana ɗingishi, gudu kuma ya ƙare. Ya wuce gaban matansa da 'ya'yansa, ya sunkuya har ƙasa sau 7 yana matsowa wajen wansa. A ranan nan Isuwa ne ya sheƙo da gudu, ya rungume shi, su biyu suka yi ta kuka.